Yadda ake zaɓen lofen morta da irin gyaran jikinsa

Morta itacen oak ne, wani babban itace na ƙasashe masu sanyi, da ya faɗi cikin fadama ko gindin kogi, laka ta binne shi shekaru dubbai. Da yake iska ba ta kai gare shi, bai ruɓe ba. Sinadarin ɗacin da ke jikinsa ya yi ta haɗuwa da ƙarfen da ke cikin ruwa har ya rine shi, kamar dai yadda dukawa ke shafa kuloko a fatar da aka jeme da bagaruwa ta koma baƙa. A fadamar Briyer da ke yammacin Faransa, sai ruwa ya ja baya a ƙarshen bazara masu nema ke shiga da dogon sandan ƙarfe suna soka ƙasa har su ji ya daki gungume, kuma itacen can ya kai shekara 5,000. Ana haƙo shi a bakin kogin Saba a Kuroshiya, da fadamun Ayalan da gabashin Ingila. Yawancin lofen duniya kuwa da saiwar buraya ake yi, wani ɗan itace na bakin Bahar Rum, shi ya sa na morta bai da yawa a kasuwa, kuɗinsa kuma ba na wasa ba ne. Tsufan itacen bai rage wa taba illarta ko kaɗan ba. Mai zuƙar lofe na cikin haɗarin sankarar baki da maƙogwaro. Wanda ya riga ya ƙudura saye, ko don zuƙa ko don ajiya, ga yadda zai bi.

Fara da tabbatar da cewa morta ne. Baƙi ba shaida ba ne, domin ana jiƙa ƙarfe a ruwan tsami a shafa wa sabon oak ya yi baƙi ƙirin cikin mintuna. Sai dai rinin shafe a sama yake tsayawa. Zare bakin lofen a hankali, kana murzawa, ka haska tocila cikin ramin wuyan inda ba a shafa komai ba. Na gaske launinsa ɗaya ne ciki da waje. In ka ga fari ko ruwan ƙasa mai haske a ciki alhali waje baƙi ne, mayar masa da kayansa. Tambayi mai sayarwa daga ina aka haƙo itacen. Wasu masassaƙa na haɗawa da takardar gwajin shekaru na kabon, amma ka sani gungumen aka gwada, ba lofen da ke hannunka ba, don haka takardar ba ta fi amanar mai ita ba.

Kada ka raina wanda ba baƙi ba. Akwai morta ruwan zuma, akwai mai jan tagulla, akwai ruwan toka. Yawan ƙarfen da ke cikin lakar da daɗewar itacen a ciki su ke yanke launi, ba shekaru kaɗai ba.

Daga nan sai neman tsaga, kuma nan ne ya kamata ka ɓata lokaci. Gungumen yakan fito jiƙe sharkaf, in aka yi gaggawar busar da shi sai ya dare. Masu haƙuri shekaru suke ba shi a inuwa, duk da haka abin da ake zubarwa ya fi abin da ake mora. Tsagar da ta tsira daga idon masassaƙi siririya ce kamar gashi, kuma a baƙin itace ɓuya take yi. Fita da lofen rana, ka juya shi sannu a hankali. Duba leɓen ƙoƙon, duba gindinsa, sannan ka dage a kan ƙarshen wuya inda baki ke shiga, don can itacen ya fi siranta, kuma oak na son tsagewa ta bin jijiyarsa. Wanda aka sa wa zobe na azurfa ko na tagulla a wannan wuri ya fi kwanciyar hankali, muddin ba don rufe ɓarna aka sa zoben ba. Toshe ƙoƙon da tafin hannu ka hura ta baki: in iska na fita ta wani wuri, akwai kafa. Bangon ƙoƙon kuma ya yi kauri, kamar milimita 7 ko fiye. Mai siririn bango zai ƙona maka yatsu.

Sai maganar gyaran jiki, wadda ita ce ke raba kan masu saye. Iri uku ne. Akwai sumul, wanda aka goge aka shafa wa kakin karnoba, wani kaki mai tauri da ake samu daga ganyen itace. Akwai na feshin yashi, inda ake harba yashi da ƙarfin iska a jikin itacen. Akwai kuma wanda aka tsattsaga wa jiki da hannu da ɗan ƙarfe don ya yi kaushi.

Jijiyar oak ba irin ta buraya ba ce. Kowace shekara itacen na yin zobe mai sashe biyu, na farkon tsiro mai manyan ƙofofi da taushi, da na baya mai tauri. Yashi na cinye mai taushin ya bar mai taurin, sai jikin lofen ya fito da kunyoyi masu zurfi a jere. A ganina nan morta ke nuna kansa, kuma shi zan ba mai sayen farko shawara: ya fi daɗin riƙo, bai cika zafi a hannu ba, ƙarzuwa ba ta nunawa. Duba ko kunyoyin sun zagaye ƙoƙon a tsare ko sun karkace sun ɓace a gefe ɗaya. Wanda suka zagaye daidai shi aka yanka da lura.

Sumul kuwa kada ka sa ran zai yi santsin gilashi. Ƙofofin oak a buɗe suke, za ka gan su kamar an tsittsira da allura, kuma ba aibi ba ne. Kyansa na cikin wasu siraran layuka da ke fitowa daga zuciyar itace zuwa ɓawo, masu walƙiya in haske ya doke su a karkace. A baƙi ƙirin da ƙyar ake ganinsu, shi ya sa in sumul kake so, mai ruwan zuma ko tagulla ya fi biyan kuɗinsa. Wanda ke ƙyalli kamar an zuba masa fenti, ka yi hattara, mai yiwuwa an toshe ƙofofin ne da shafe mai kauri. Tsattsagaggen hannu shi ne mai araha, sau da yawa don itacen na da tabon da ake son ɓoyewa. Ba laifi in ya tsallake gwajin tsaga.

Saura aikin huji. Zura tsinken goge lofe, mai gashin auduga, daga baki: a miƙaƙƙen lofe ya kamata ya wuce har gindin ƙoƙo ba tare da ya cije ba, ramin kuma ya ɓullo daidai ƙasa, a tsakiya. Bakin roba mai tauri ya fi taushi a haƙori amma rana na kore masa launi; na akirilik, wata roba mai kama da gilashi, ba ya koɗewa, sai dai tauri. In za ka riƙa cije shi kana aiki, nemi wanda bai wuce giram 50 ba.

Bayan saye, cika shi rabi a karon farko, ka ja a hankali. Morta ba ya buƙatar ƙanzo mai kauri a ciki, goge shi da takarda bayan ya huce. Kada ka zare bakin yana da zafi, kada ka buga shi a dutse don zubar da toka, kuma lokacin hunturu ka nisanta shi da rana da iskar da ke busar da kaya.