Yadda na gyara sabulun wankin da nake haɗawa a gida

Tunda kuɗin omo ya fara fin ƙarfina na koma goga sabulun bulo a magogi in narka shi da ruwan zafi, sauƙi kam akwai, amma fa baƙaƙen kaya in sun bushe sai ka ga wani fari-fari ya kwanta musu kamar an barbaɗa alli, kumfa ma ba ya tashi.

Ashe ruwan ne. Ruwa mai zartsi yana ɗauke da kalsiyam da magniziyam, su ke kama sabulu su maida shi dauɗa mai manne wa yadi, ko ka ƙara sabulu ƙara ta'azzara abin kake.

Maganin sodan wanki. Na baza bekin soda a faranti na sa a obin mai zafin digiri 200 a ma'aunin Celsius kamar awa 1, ya koma gari mai ɗan gautsi, shi kenan ya zama sodan wanki. Yanzu shi nake fara zubawa a ruwa in juya ya narke kafin sabulu ya shiga. Ɗaurayar ƙarshe kuma ɗan ruwan khal, amma kar a haɗa shi da sabulu wuri ɗaya, kashe shi yake. A sa safar hannu don sodan yana busar da fata sosai.