Sabon ɗalibi a Amurka: kada ka wuce teburin ƙungiyar baƙar fata

A gida kai Bakano ne, ko Bazazzagi, ko Badamagare. Ranar da ka shiga aji a jami'ar da Turawa suka fi yawa, ka waiga ka ga ku biyu ne kacal masu irin fatarka, suna ɗaya za a san ka da shi: baƙar fata.

A makon farko ƙungiyoyin ɗalibai kan baje teburansu a filin makaranta suna neman mambobi. Yawancinmu mukan nufi ta 'yan Afirka, ASA, inda ake cin dafa-duka ana musun wa ya fi iya ta tsakanin Najeriya da Gana. Sai ta Musulmi, MSA, don sanin inda ake Juma'a da shagon naman halal. Duk daidai ne. Kuskurenmu shi ne wuce teburin BSU, ƙungiyar ɗalibai baƙar fata, wai ta 'yan ƙasa ce, ba ruwanmu.

Da ruwanmu kuwa. An kafa BSU ta farko a 1966 a kwalejin jiha da ke San Faransisko, kuma ɗalibanta ne suka ja ragamar yajin karatu daga Nuwamba 1968 zuwa Maris 1969, har aka buɗe sashen nazarin tarihi da rayuwar baƙar fata. Magadansu ne suka san malamin da ke da adalci, da abin da za ka yi in ɗan sanda ya tare ka da dare, da mai askin da ya iya gashinmu, wanda a ƙaramin gari samunsa aiki ne ja. In injiniya kake karanta, nemi NSBE, ƙungiyar injiniyoyi baƙar fata, wadda aka kafa a Jami'ar Purdue a 1975; kamfanoni kan je taronta na shekara neman ma'aikata.

Ka shiga da kunne, ba da baki ba. Akwai kalmar cin mutuncin baƙar fata, mai farawa da N a Turance, da za ka ji wasunsu na kiran juna da ita cikin raha, kada ta kuskura ta fito daga bakinka. Zancen bauta ba abin wasa ba ne, haka ma cewa "mu ne 'yan Afirka na asali". Bikin da ake shan giya, ka ba da uzuri, ba mai tilasta maka. Zanga-zanga kuwa, tuna bizar ɗalibi ce a hannunka, ka fara tuntuɓar ofishin ɗaliban ƙasashen waje.

A jihar Teksas doka ta rufe ofisoshin kula da tsiraru a jami'o'in gwamnati tun Janairun 2024, amma ba ta hana ƙungiyoyin ɗalibai ba. In ba ka ga ofis ba, duba shafinsu na Instagram, can suke sanar da ranar taro.