Yadda za ka gane ciwon kumburin jijiyoyin jini tun bai taɓa ƙoda ba

Jama'a wannan ciwon da likitoci ke ce wa baskulaitis, garkuwar jikin mutum ce da kanta take juyowa ta far wa jijiyoyin jininsa, bangon jijiya ya kumbura, hanyar jini ta matse ko ma ta toshe, toh duk inda jijiyar ke kai jini nan ne zai sha wahala. Shi yasa wani a fata yake fito masa, wani ido, wani huhu. Ba a ɗaukarsa a wajen wani. Yawanci haka kawai yake tasowa, amma ciwon hanta na B da C da wasu magunguna suna iya tayar da shi.

Da farko ka lura da shekaru. Wanda ya haura 50 in ya fara sabon ciwon kai a gefen goshi, muƙamuƙi na masa ciwo in yana tauna, gani na ɗaukewa yana dawowa, don Allah ranar za a kai shi asibiti, domin idon in ya tafi da wuya ya dawo. Yaro ƙasa da shekara 5 mai zazzaɓin kwana 5 da ya ƙi sauka, ido ja, leɓe ya tsattsage, a tambayi likita maganar ciwon Kawasaki, wanda wani likitan Japan ya bayyana a 1967, jijiyoyin zuciya yake lalatawa kuma ana so a yi ƙarin ruwan maganinsa cikin kwana 10 na farko. Akwai kuma na Takayasu da ya fi kama mata matasa, har a rasa bugun jini a hannu ɗaya.

Ɗige-ɗigen jini a ƙafafu kuwa, danna gilashin kofi a kai, in basu dushe ba a je a duba, in da zazzaɓi ma a gaggauta don sanƙarau ma yana yin haka. A baƙar fata duhu-duhu suke fitowa sai an duba da haske.

Ni abin da ya fi damuna ƙoda ce, saboda tana lalacewa shiru ba ciwo ba komai, mutum na ta fama da kasala da rama da toshewar hanci wata da watanni ana ta bashi maganin mura. Ka roƙi a yi maka gwajin fitsari a duba jini da furotin, gwaji ne mai sauƙi wallahi. Sai na jini irin su ESR da CRP masu nuna kumburi a jiki, da ANCA mai nuna ko garkuwa na far wa jikin, wani lokacin a ɗan yanki tsokar fata ko ƙoda a duba, ko a ɗau hoton jijiyoyin.

Magani yawanci da prednisolone mai kwantar da kumburi ake farawa, sannan a haɗa da masu rage ƙarfin garkuwa kamar rituximab ko cyclophosphamide. Kar ka kuskura ka daina prednisolone lokaci ɗaya don ka ji sauƙi, a hankali likita ke rage shi, yanke shi farat ɗaya na iya kayar da mutum. Yana ɗaga suga da hawan jini yana kuma rage ƙwarin ƙashi, sai a riƙa aunawa. Kuma tunda garkuwa ta yi ƙasa, ko ƙaramin zazzaɓi ne a sanar da likita. Mace mai shirin ɗaukar ciki ta faɗa tun kafin a rubuta mata magani, don cyclophosphamide da methotrexate (shi ma mai rage ƙarfin garkuwa ne) suna cutar da ɗan tayi.