Yadda za ka riƙe a-kori-kura ta daɗe tana yi maka aiki a hanyoyin Garwa, Marwa da Njamena

A yankinmu na arewacin Kamaru a-kori-kura, wadda wasu ke kira bashe, motar neman abinci ce. Ita ke kai albasa kasuwa, ita ke kwaso masakwa daga gona, ita ke fitar da mara lafiya daga ƙauye idan damina ta lalata hanya. Abin da ke cinye ta kuwa sananne ne: ƙura, zafin bazara, gurɓataccen mai da lodin da ya fi ƙarfinta. Shawarata ita ce kuɗinka ya fara tafiya wajen tare waɗannan, ado ya biyo baya idan an samu rara.

Mataki na farko: zaɓi wadda bakanikenka ya sani

Manyan motocin Amurka irin Ford F-150 da Toyota Tundra suna da kyan gani da faɗin ciki, kuma a kan kwalta ba a magana. Sai dai yawancinsu fetur suke sha. Tundra mai silinda 8 da injin lita 5.7 takan sha lita 15 ko fiye a kilomita 100, ko da babu lodi. Idan wani ƙarfe ya karye maka a Mora ko Yagwa, sai ka jira a aiko daga Duwala ko daga waje. Mai hali da ke yawo cikin gari zai iya riƙe ta. Wanda zai shiga daji kuwa, Hilux ko Land Cruiser 79 ce tasa. Tun 1968 ake ƙera Hilux, jerin Land Cruiser 70 kuma tun 1984, kuma mutanen Cadi ba sa buƙatar a yi musu bayani a kansu, tunda da irin waɗannan motoci sojojinsu suka fatattaki tankokin Libiya a Fada a 1987. Injin 1HZ na Land Cruiser mai silinda 6 da lita 4.2, da injin 5L na Hilux, dukansu na gas ne, ba su da saurin tashi, amma suna haƙuri da man da muke samu, kuma kayan gyaransu suna kasuwa.

Ranar da za ka duba mota, ka je da sassafe, ka ce kada a tayar da ita sai ka iso. Injin da ya kwana ne ke nuna gaskiyarsa. Shuɗin hayaƙi yana nufin tana ƙona baƙin mai, farin hayaƙin da ba ya yankewa bayan ta yi ɗumi kuma yana iya zama ruwa ne ke shiga silinda. Ka shiga ƙarƙashinta da tocila, ka bi shasi tun daga gaba har baya, musamman tsakanin kan mota da bodi, ka nemi walda ko lanƙwasa. Sannan ka gwada lambar shasi da wadda ke kan kat giriz, wato takardar rajistar mota, harafi bayan harafi, ka ga takardar duwan, wato ta kwastan, da idonka. Inshora da bizit, wato takardar gwajin lafiyar mota, su kasance a raye, kuma idan za ka haye gadar Ngeli zuwa Njamena, ka karɓi katin inshorar CEMAC, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Tsakiya, tun daga gida.

Mataki na biyu: hana ƙura shiga inji

Nan ne mutane suka fi sakaci. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu ba ya ɗagawa, kuma wanda ke bin bayan tirela a hanyar Mora zuwa Dabanga ya san irin ƙurar da ake sha. Ƙurar nan idan ta wuce filta, tana goge zoben fistin ne a hankali har inji ya rasa ƙarfi.

Duk mako, ko bayan kowace doguwar tafiya a burji, ka buɗe gidan filtar iska. Ka fito da ita a hankali kada ƙura ta zube cikin bututu. Ka bubbuga ta da tafin hannu, ba a jikin taya ko dutse ba. Idan za a hura mata iska a wurin mai faci, a hura daga ciki zuwa waje, kuma da iska mara ƙarfi, don iska mai ƙarfi tana yaga takardar ba tare da ka gani ba. Ka sa fitilar waya a cikinta, ka juya ta a wuri mai duhu. Duk inda ka ga haske ya ɓullo kamar tsinin allura, filtar ta gama aiki. Kafin ka mayar, ka goge gidan da ɗanyen tsumma, sannan ka zura yatsa cikin bututun da ke tafiya inji. Idan yatsanka ya fito da ƙura, akwai inda take ɓuɓɓugowa, ko robar bakin filta ko wani kilif da ya saki. Kada ka tafi sai an gano wurin.

A sayi filta ta asali ko da ta ninka kuɗin jabu. Araha ba ta ado, ballantana a abin da ke tsare inji. Juyen baƙin mai kuma a yi shi duk kilomita 5,000 tare da filtarsa. Tsofaffin injinan gas suna tafiya da 15W-40, sababbi kuwa a bi abin da littafinsu ya ce. Injinan 1HZ da 5L da bel na taimin suke aiki. Idan ka sayi mota ba ka san yaushe aka canza shi ba, canza shi a makon farko, ka rubuta kilomitar a jikin murfinsa, kada kuma ka bari ya wuce 100,000.

Mataki na uku: man da kake zuba mata

Kowa ya san zuwa-zuwa, man jarka da ake sayarwa a bakin titi. Ba zan ce maka kada ka taɓa saye ba, domin akwai garuruwan da babu gidan mai ko kaɗan. Amma ka saya da ido a buɗe. Ka sa a tsiyaya kaɗan a farar kwalba, ka ajiye minti biyar. Ruwa ya fi gas nauyi, ƙasa yake kwanciya, za ka gan shi. Ka shinshina, idan kana jin warin fetur ko kananzir, ka haƙura. A zuba ta mazurari da tsabtataccen ƙyalle, kuma a bar ɗan na ƙasan jarka, a nan dauɗar take taruwa.

A ƙarƙashin filtar gas akwai ɗan kofin da ke tara ruwa. Ka kwance ƙusar ƙasansa kaɗan, ka danna famfon da ke saman filtar har sai gas zalla ya fara fita, sannan ka ɗaure. Idan fitilarsa ta kama a dashbod, tsaya ka yi haka nan take. Masu sabuwar Hilux mai injin 2.4 ko 2.8 su fi kowa kiyayewa, domin nozul ɗinsu da kwamfuta yake aiki, ba ya jure ruwa ko ɗigo, kuma kuɗin saitinsa yana tayar da hankali. Ƙara filta ta biyu kafin ta asali shi ne kayan ƙari na farko da zan ce ka saya.

Mataki na huɗu: zafi da birki

A watan Maris da Afrilu zafi yakan haura digiri 40 a Marwa da Kuseri. Da mota ta fara zafi, wasu bakanikai sai su ce a cire tamostat, wato ƙarfen da ke daidaita zagayen ruwan inji. Kada ka yarda. Tamostat ba ya kawo zafi sai in ya lalace, kuma in ya lalace sabo ake sawa. Laifin yakan kasance a lagireto da ya toshe, ko murfinsa da ya saki, ko fankar da ba ta kamawa sosai. Ka wanke lagireto da ruwa daga baya zuwa gaba don ƙaiƙayi da ciyawa su fita. Ruwan rijiya yana barin farin gishiri a cikin bututu, saboda haka a zuba ruwan lagireto na galan. Kada kuma a buɗe murfi inji na tafasa.

Gangaren dutsen Ngaundare, idan ka nufo Garwa, ya ci motoci da yawa. Ka sa ƙaramar giya tun daga sama, giyar da za ka hau da ita, ka bar inji ya riƙe motar. Wanda ya kwanta a kan birki tun daga farko zai iso tsakiya birkin ya yi zafi ya daina kamawa. Man birki a canza shi duk shekara 2.

Mataki na biyar: lodi da taya

Abin da Hilux ke ɗauka bai wuce kusan tan 1 ba, kuma a ciki har da direba, fasinjoji, safaya ta biyu da jarkoki. Buhu 10 na masara mai kilo 100 ya riga ya cika lissafin tun kafin yaron mota ya hau. Na san ana ƙara ganyen sifirin a ɗora 20, motar kuma ta tafi. Amma ƙarin sifirin bai ƙara wa aksul ko birki ko shasi ƙarfi ba, ya dai ɓoye maka nauyin ne, kuma a gargada ake biyan bashin. Mafi nauyin kaya ya zauna kusa da kan mota, gaban tayoyin baya. Wanda ya tara nauyi a wutsiya shi ke karya shasi.

Taya a sayi mai alamar LT, mai kaurin gefe. Idan ta hannu ce, ka duba lambobi 4 da ke ƙarshen rubutun DOT: 2322 na nufin mako na 23 a 2022. Wadda ta haura shekara 6 ka bar ta ko da zanenta na nan, zafin kwaltarmu zai fasa ta. A auna iska da safe kafin a motsa.

Mataki na shida: damina da yashi

Giyar ƙafa huɗu ta laka da yashi ce, kada a yi tafiya da ita a busasshiyar kwalta, tana wahalar da giyabos. Amma duk wata ka sa ta ka yi 'yan kilomita a burji don mai ya zagaya. Idan tayoyin gaba masu makulli ne, ka sauka ka kulle su kafin ka shiga taɓo, ba bayan ka kafe ba. A yashi ka rage iskar taya zuwa wajen bar 1.5, ka mayar da zarar ka fito.

Mayo kuwa, wato kogin da ke ƙafewa, irin Kaliyawo da Tsanaga, ka gan shi busasshe da safe, da yamma ya cika ya batse saboda ruwan da ya sauka a duwatsun Mandara. Idan ruwa na gudu da ƙarfi, ka jira tare da jama'a. Bayan ka ratsa ruwa mai zurfi, a buɗe man aksul a duba. In ya koma fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga, a juye shi. A kuma buga giris a furofela.

Mataki na bakwai: kayan ƙari

Bayan filta ta biyu, sai bututun shan iska da ke hawa gefen gilashi, domin yana jan iska daga sama inda ƙura ba ta kai ta wajen taya yawa ba. Sai safaya ta biyu, ƙaramin famfon iska mai aiki da batir, shebur, faffaɗan katako na ɗora jak, da igiyar ja mai ƙarfi, wadda za a ɗaura a ƙugiyar shasi, ba a bamba ba. A shimfiɗa katako ko roba a bodi, a ɗinka tamfol mai kyau da ƙarafunansa. Ƙarfen kariya na gaba yana da amfani inda shanu da jakuna ke ratsa hanya, amma nauyinsa daga lodinka ake cire shi. Ƙarin fitilu a haɗa su da fis da rile nasu, domin wayar da aka murɗa da hannu aka naɗe da leda ita ke tayar da gobara. Manyan rim masu siririyar taya kuwa, ka bar wa motocin biki, ramin farko bayan Waza zai lanƙwasa su.