Yadda ake zaɓen fenti da fitila don ɗaki ya yi fili da haske

Yawancin masu gyaran ɗaki a Zariya kasuwa suke fara zuwa. Mutum zai shiga shagon fenti a Sabon Gari ko Tudun Wada, a nuna masa takardar launuka, ya zaɓi wanda ya burge shi. Sai an gama shafawa ya ga kalar ta sauya, ɗakin ya yi duhu ko ya matse. Dalili kuwa, launi yana bin hasken da ya sauka a kansa ne, kuma hasken shago daban yake da na ɗakinka.

Mataki na farko, ka san inda tagarka ta fuskanta. Tagar gabas tana kawo haske mai taushi da hantsi, sannan ɗakin ya lafa. Ta yamma ita ce mai wahala: daga azahar zuwa bayan la'asar rana tana dukanta kai tsaye, musamman a watannin Maris da Afrilu. Irin wannan ɗaki idan ka shafa masa ruwan goro ko ja, ido zai ga zafi tun kafin jiki ya ji. Shuɗi mai haske, kore mai sanyi ko ruwan toka mai haske su suka dace da shi. Ɗakin da katangar maƙwabci ta tare wa haske, kamar yadda ake yawan samu a lungunan cikin birni, shi kuma ruwan madara yake so, don shuɗi zai ƙara masa duhu.

Na biyu, ka gwada kafin ka sayi bokiti. Sayi ɗan ƙaramin gwangwani, shafa a bango kamar kamu biyu tsawo da faɗi, shafi biyu, wuri ɗaya kusa da taga, ɗaya a kusurwa mafi duhu. Ka bar shi ya bushe, domin ɗanyen fenti ba ya nuna ainihin launinsa. Ka duba da safe, da la'asar, da dare a hasken ƙwai. Ka kuma duba da fitila mai caji ko ta sola, tunda da ita za ka zauna duk ranar da aka ɗauke wuta.

Silin kuwa a bar shi fari. Shi ke mayar da haske ƙasa, kuma yana sa rufi ya yi kamar ya ƙara tsayi. Ina takaicin ganin an zuba launi mai duhu a silin ɗan ƙaramin falo, sai ka ji kamar rufin zai sauko maka a ka.

Daga nan sai ƙwan lantarki, inda mutane da yawa ke yin hasara ba su sani ba. A jikin kwalin ƙwan LED akwai lamba mai harafin K a ƙarshe. Mai 2700K zuwa 3000K haskensa ya yi ruwan ɗorawa, yana sanyaya rai, ya dace da ɗakin kwana da falo. Mai 6500K fari ne fat har da ɗan shuɗi-shuɗi, shi ya fi cika kasuwa. Yana da kyau a kicin da banɗaki, amma yana kashe ruwan madara, ya mai da shi kamar toka. Mai 4000K yana tsakani, ya yi wa ɗakin karatun yara. Ƙarfi kuma, LED mai wat 9 yana ba da hasken tsohon ƙwai mai wat 60. Ƙwai ɗaya tal a tsakiyar silin yana barin kusurwoyi cikin inuwa, ɗaki ya tsuke. Biyu ko uku marasa ƙarfi sosai, ɗaya yana haska bango, sun fi shi nesa ba kusa ba.

Kada ka manta da ƙurar hunturu. Farin bango ƙal yana dafewa daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ga hannun yara. Shi ya sa tsohuwar dabarar nan ta shafa fentin mai daga ƙasa zuwa ƙugu, na ruwa daga nan zuwa sama, har yanzu tana aiki: na ƙasa yana goguwa da jiƙaƙƙen tsumma. Sai dai kada a kai fentin mai bangon da rana ke duka, ƙyallinsa yana kashe ido.

Mai son launi mai ƙarfi ya dubi ƙofar fadar Sarkin Zazzau, yadda aka ƙawata ta da zane masu launi iri-iri. Wancan a fili yake, rana na haska shi, ana kallonsa daga nesa. A cikin ɗaki bango ɗaya ya isa, wanda gado ko doguwar kujera ta jingina da shi, sauran ukun su zauna da haske.

Labule shi ne na ƙarshe. A yi shi biyu, shara-shara na rana da mai kauri na dare, a ɗaura ƙarfensa kusa da silin, ya zarce faɗin tagar ta kowane gefe don in an zuge kada ya ci haske. Masu jeren amarya su tafi da ƙyallen labulen da na kujeru su kara a jikin bangon da aka gwada, kafin a biya tela.