Yadda ake tayar da tsohuwar taraktar gado

Masu tambaya sun yi yawa, musamman waɗanda suka gaji Massey Ferguson 135 mai injin Perkins da ta shekara a ajiye. Ga yadda ake bi:

1. Buɗe bonet ka share sheƙar ɓeraye. Sukan ci wayoyi.
2. Juya injin da hannu, da sifana.
Hattara: in ya ƙi juyawa, ya kama ke nan. Kada a ja ta da wata mota, a kira bakanike.
3. Zubar da tsohon baƙin mai.
4. Canja filta, ka zuba sabon mai.
5. Juye tsohon gas ɗin tanki. Ruwa da tsatsa kan kwanta a ƙasa.
6. Canja filtar gas, ka zuba sabon gas a tanki.
7. Cika lagireto da ruwa mai tsabta.
8. Ɗaura batir mai ƙarfin lantarki bolt 12.
9. Sassauta ƙusar fitar da iska daga layin gas, ka dinga buga famfon hannu mai turo gas har gas ya fito babu kumfa, sannan ka ɗaure.
Nan mutane suka fi yin gaggawa, su kashe batir a banza.
10. Hau kujera, ka sa giya a firi. Kada ka tayar kana tsaye a ƙasa.
11. Murɗa makulli, kada ya wuce daƙiƙa 15.
12. In ta tashi, duba agogon baƙin mai. In bai motsa ba, kashe ta nan take.