Kafin Ka Ba da Kuɗin Haɗa Keken Lantarki a Kumasi

Baƙon da ya sauka Aboabo ko Asawase daga Kano ko Maraɗi, da zarar ya hau keke zai gane cewa Kumasi ba shimfiɗaɗɗen gari ba ne irin namu. Hawa ne da gangara, ga jar laka idan damina ta kankama daga Afrilu zuwa Yuli, ga kuma cunkoson motoci a kewayen Kejetia. Wannan ne ya sa wasu 'yan'uwa suke sha'awar keken hawan tudu mai aiki da batir, wanda ake haɗa wa mutum daidai da buƙatarsa, wato a samo firam mai ƙwari cikin kekunan gwanjo, a ɗora masa inji da batir.

Kada ka wahalar da kanka wajen ɗauko batir daga gida ta jirgin sama, domin ƙa'idar jiragen fasinja ba ta yarda da batirin litiyam da ya haura wat-awa 160 ba (wat-awa shi ne ma'aunin yawan wutar da batir yake iya riƙewa), na keke kuwa yakan kai 500 ko fiye da haka. A nan za ka saya, kuma a nan za a gyara maka, saboda haka ka fara neman bakanike kafin ka nemi keke. Suame Magazin, babbar unguwar makanikai ta Kumasi, cike yake da masu walda da masu aikin wayar mota, amma ba kowanensu ne ya taɓa buɗe injin keke ba, sai ka tambaya har ka dace da wanda ya saba.

Injin iri biyu ne. Akwai wanda ake sawa a cibiyar tayar baya, mai araha da sauƙin gyara, sai dai yakan ɗauki zafi idan hawan ya yi tsawo. Akwai kuma na tsakiya, wanda yake zama a mazaunin feda yana jan sarƙa ta cikin giyoyin keken, irin Bafang BBS02 mai wat 750. A ganina wannan ne ya dace da tuddan ƙasar Asante, ko da yake yana cin sarƙa da haƙoran giya, kuma sai faɗin mazaunin fedar ya kasance tsakanin milimita 68 da 73 kafin ya shiga lafiya. A auna kafin a biya kuɗin firam.

Inda aka fi cutar baƙo shi ne wajen batir, kuma ni ganau ne. Wani mai shago ya sayar mini da batir da aka rubuta wa bolt 48 da amfiya-awa 14 a jiki, wato wat-awa 672, wanda a lissafi ya isa tafiyar kilomita 40 da 'yan kai. Da shi na nufi tafkin Bosomtwe, mai nisan kusan kilomita 30 kudu maso gabas da Kumasi. Tafkin yana cikin wani ƙaton kwari da faɗowar dutse daga sararin samaniya ta haƙa shekaru kimanin miliyan ɗaya da suka wuce, don haka gangarawa daga Kuntanase zuwa Abono daɗi ne zalla. A dawowa, ban kai rabin hawan ba allon da yake nuna cajin batirin ya mutu murus, na sauka ina tura keke mai nauyin kusan kilo 25, gumi yana zuba, yara suna bina da kallo. Washegari wani dattijon bakanike ya ɓare kwanson batirin, ya ɗago ƙwayoyin, wato ƙananan batiran da suke ciki, ɗaya bayan ɗaya, launinsu ma bai zo ɗaya ba. Ya ce, "Malam, ai waɗannan tarkacen tsofaffin kwamfutoci ne aka yi musu sabuwar riga." Tun daga ranar ba na sayen batir sai an buɗe a gabana na ga ƙwayoyin iri ɗaya ne, na Samsung ko LG ko Panasonic, na kuma ga allon da yake tsare su daga wuce kima wajen caji.

Gangarar Abono ɗin ce kuma ta nuna mini cewa birkin roba bai isa keke mai wannan nauyi ba. A sa birkin faifai mai aiki da mai, faifan gaba ya kai milimita 180, sannan kada a hau ba hular kwano.

Wutar Gana bolt 230 ce, soket ɗinta mai baki uku irin na Najeriya, amma wanda ya taho da caja daga Nijar zai buƙaci adafta. Caja mai amfiya 2 takan ɗauki kusan awa 7 kafin ta cika irin wannan batir, lissafin da ya kamata a riƙa yi saboda ɗaukewar wuta da mutanen nan suke kira dumso. Idan ka dawo daga hawa, ka bar batirin ya huce kafin ka jona shi, a kan siminti, nesa da katifa da ƙofar fita, musamman a gidan haya mai yawan jama'a. Lakar da ta manne kuwa a wanke ta da bokiti da tsumma, domin tiyon masu wankin mota yana tura ruwa har cikin inji.